Tambaya kan tsohon jirgin ruwan nan na Bristol, na asali ne ko kwaikwayo aka yi?

Maman_Yara:

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya. Don Allah ina da tambaya ga masu sanin tarihi. Yarona ne na biyu ya ga hoton wani jirgin ruwa a intanet, baƙi ne dogo da tutoci a jikinsa, an rubuta wai sunansa Great Britain kuma wai tun 1843 aka ƙera shi, yanzu yana garin Bristol a Ingila an mai da shi gidan tarihi mutane na shiga suna kallo. To abin da ya ɗaure mana kai ni da shi, a wani hoton ka ga jirgin kamar yana kan ruwa, a wani hoton kuma sai ga mutane a tsaye a ƙarƙashinsa suna kallon farfelarsa ruwan yana can saman kawunansu. Yaron ya dame ni da tambaya tun jiya, ni kuma ba na son in ba shi amsar da ba ni da tabbas a kai. Shin jirgin na asali ne ko dai wani sabo aka ƙera aka sa masa tsohon suna? In na asali ne, ya aka yi ƙarfe ya kai wannan shekarun tsatsa ba ta cinye shi ba, alhali ƙofar ƙarfe ma in damina biyu ta same ta babu fenti sai ka ga ta fara ɓurmawa? Kuma me jirgin ya yi na musamman har ake ta wahala da shi haka? Na gode.

Tsohon_Malami:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yaron nan albarka, tambaya mai kyau ya yi. Gangar jikin jirgin ta asali ce, ƙarfen da aka haɗa tun wancan lokacin shi ne har yau, amma bari in ɗauko miki daga tushe don sai an ji wahalar da ya sha ake gane dalilin da ya sa mutanen Bristol ba su yarda ya salwanta ba.

Wanda ya tsara shi injiniya ne mai suna Isambard Kingdom Brunel. A zamaninsa manyan jiragen teku da katako ake yinsu, masu injin tururi kuma da wasu manyan ƙafafu ne guda biyu a gefe suna juyawa suna dukan ruwa. Shi Brunel sai ya ce da ƙarfe zai yi nasa. An ma fara aikin da niyyar sa masa irin ƙafafun nan, sai a 1840 wani ɗan ƙaramin jirgi mai suna Archimedes ya zo Bristol yana tafiya da farfela a bayansa, Brunel ya gwada shi ya gamsu, ya sa aka sauya tsarin aiki yana tsaka. Shi ya sa ake cewa shi ne babban jirgin teku na farko da ya haɗa abu biyun nan, jikin ƙarfe da farfela, kuma duk manyan jiragen da kike gani yau a kan wannan hanyar suke. Tsawonsa mita 98, a lokacin babu wanda ya kai shi girma a duniya. Injinsa mai ƙarfin doki 1,000 ne, da wasu manya-manyan sarƙoƙi yake juya sandar farfelar.

An saka shi a ruwa ranar 19 ga Yuli 1843, Yarima Albert mijin Sarauniya Victoria ma ya halarta. Sai dai girman nasa ya zame masa matsala tun daga gida, ƙofar mashigin da zai bi ya fita kogin Avon ta yi masa kaɗan, ya zauna a tashar fiye da shekara, sai a Disamba 1844 aka fasa gefen ginin mashigin sannan ya samu ya wuce. Tafiyarsa ta farko daga Liverpool zuwa New York a 1845 ce, kwana 14 da awa 21 ya yi, kuma fasinja 45 kacal ya ɗauka a jirgin da aka yi wa mutum 360, mutane na tsoron shiga abin da aka yi da ƙarfe a kan teku.

To a Satumba 1846 sai tsautsayi ya faɗa masa. Ya taso daga Liverpool, da dare ya yi sai kyaftin ɗin ya rikita fitilun hasumiyar da ke nuna wa jirage hanya, jirgin ya je ya kafe a yashin gaɓar Dundrum a ƙasar Ailan. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Amma nan ya zauna kusan shekara guda igiyar ruwa na dukansa duk tsawon hunturu, Brunel ya sa aka tara damman itatuwa aka yi masa katanga ta bayansa don rage ƙarfin ruwan, sai a Agusta 1847 aka jawo shi. Da na katako ne da tuni ya wargaje, wannan ne ma ya sa masu shakkar ƙarfe suka fara sakin jiki. Kamfanin da ya mallake shi kam bai tashi ba daga wannan asarar, jirgin da aka kashe wa fam 117,000 aka sayar da shi da arha ƙwarai.

Sababbin masu shi suka juya shi zuwa Ostareliya saboda an gano zinare a can a 1851 mutane na ta tururuwa. A 1852 ya tafi Melbourne da fasinja 630, kuma a wannan hanyar ya yi yawancin shekarun aikinsa, sawu 32, kowace tafiya wajen wata biyu a kan ruwa. A lokacin ya fi dogara da manyan zannuwan kama iska, injin sai in iska ta kwanta ake kunna shi don a tattala kwal. Da yake babu firji, da ransu ake loda tumaki da aladu da kaji har da saniyar tatsa. Akwai kyaftin ɗinsa da ya fi daɗewa, John Gray, wanda fasinjoji ke ƙauna sosai, a Nuwamba 1872 suna hanyar dawowa aka wayi gari babu shi a jirgin, har yau ba a san takamaiman abin da ya same shi ba.

Da ya tsufa, a 1882 aka cire injin gaba ɗaya ya koma jirgin dakon kaya mai tafiya da iska kawai, yana kai kwal San Francisco yana dawowa da alkama. A 1886 ya lalace a wajen Cape Horn, can ƙarshen kudancin nahiyar Amurka ta Kudu, ya lallaɓa ya shiga tashar Stanley a tsibiran Falkland da ke kudancin tekun Atlantika, aka duba kuɗin gyara aka ga ba zai yiwu ba. Sai aka mai da shi sito a kan ruwa, ana zuba gashin tumaki da kwal a ciki shekara da shekaru. A 1937 aka ja shi wani lungu mai suna Sparrow Cove aka huda shi ya zauna a ƙasan ruwa marar zurfi aka bar shi nan. Na gaji da rubutu a waya, wani ya ɗora daga nan don Allah.

Ɗalibi_a_Turai:

Baba Malam Allah ya ƙara lafiya, bari in ɗora. Ni na je wurin da ƙafata lokacin hutu, kuma Hajiya amsar hoton nan da ya rikita ku ita ce gilashi. Jirgin ba a kan ruwa yake ba sam, yana zaune ne a busasshen ramin da aka ƙera shi a ciki tun farko. Sai aka shimfiɗa gilashi daga jikin jirgin zuwa bangon ramin daidai inda ruwa yake tsayawa a jikinsa in yana tafiya, aka zuba ruwa ɗan kaɗan a saman gilashin. In kina sama sai ki rantse yana iyo ne, in kin sauka matakala kuma kin shiga ƙarƙashi.

Wallahi saukar nan ita ta fi tsaya min a rai. Ana shiga za ki ji iskar ta sauya, a bushe take har leɓena ya fara bushewa, ga ƙarar injin busar da iska a hankali, ga hasken rana yana ratso ruwan da ke sama yana rawa a jikin ƙarfen. Kuma ba su ɓoye tsufansa ba, a ƙasan nan za ki ga faranti-faranti na ƙarfe an ɗora wani a kan bakin wani an ɗaure da ƙusoshin ribit jere-jere, wani wurin ya ci ya zama kamar tsohuwar rariya, akwai hujin da hannu zai shige. Na daɗe a tsaye ina kallon layin ribit ɗin nan ina tunanin kowane ɗaya mutum ne ya ɗauko shi da zafinsa ya doke shi da guduma.

Yadda aka dawo da shi kuwa, wani masanin ƙera jirage ne Ewan Corlett ya rubuta wasiƙa a jaridar The Times a 1967 yana cewa bai kamata a bar jirgi irin wannan ya ruɓe a can ba, wani attajiri Jack Hayward ya ba da kuɗin aikin. A 1970 aka je da wani faffaɗan dandamalin ƙarfe mai iyo wanda ake iya nutsar da shi a sake taso da shi. Jirgin yana da wata babbar tsaga a gefen dama, kuma abin da aka cusa a ciki don ya iya tasowa shi ne tsofaffin katifu da mutanen tsibirin suka kawo daga gidajensu. Aka tsotse ruwan cikinsa ya taso, aka ɗora shi a kan dandamalin, aka ja shi wajen mil 8,000 ta birnin Montevideo na ƙasar Uruguay har Ingila. Da aka zo kogin Avon an sauke shi ya bi kogin a kan cikinsa, ya wuce ta ƙarƙashin gadar Clifton wadda ita ma Brunel ɗin ne ya tsara ta, mutane sun cika gaɓa makil. Sai da aka jira ruwa ya cika sosai sannan aka shigar da shi ramin ranar 19 ga Yuli 1970, shekara 127 cif daga ranar da ya fita.

Amma Hajiya ki gaya wa yaron gaskiya, ba komai ne na asali ba. Injin da ke ciki yanzu yana juyawa kwaikwayon na farko ne aka ƙera daidai girmansa, farfelar ma haka, dogayen sandunan sama da dakalin katako da ɗakunan fasinja duk sake yi aka yi. Ɗakunan talakawa su suka fi taɓa ni, gadaje ne 'yan sirara hawa-hawa wanda ni da tsawona sai na naɗe ƙafa, a ce mutum da iyalinsa a nan wata biyu.

Maman_Yara:

Kai masha Allah, Baba Malam da ɗan'uwa ɗalibi na gode ƙwarai, na karanta masa duka, maganar katifun nan sai da ya sa na maimaita masa sau biyu. Amma har yanzu da saura, ni ban gane ba me ya haɗa busasshiyar iska da tsatsa. Ai na ɗauka tunda an fitar da shi daga ruwa shi ke nan sai a kankare a shafa fenti mai kyau. Me ya sa sai an yi wannan gilashin da injin duka?

Mai_Walda:

Hajiya wannan ɓangaren namu ne, bari in sa baki. Fenti yana aiki ne in ƙarfen da ke ƙarƙashinsa mai tsabta ne. Ƙarfen da ya sha ruwan gishiri fiye da shekara ɗari, gishirin ba a sama kawai yake ba, ya shige cikin ƙarfen ya zauna a ramukan da tsatsa ta haƙa da tsakanin farantan da aka ɗora wa juna inda burushi ba ya kaiwa. Shi kuma gishiri halinsa jawo laima, ko babu ruwan sama zai tsotso danshin da ke cikin iska ya jiƙa wurin, tsatsa ta ci gaba da aikinta a ƙarƙashin fentin. Shi ya sa za ki ga an yi fenti ya yi kyau bayan ɗan lokaci ya kumbura kamar ƙurji, ka sa farce ka ɓantare ka tarar da jan gari a ciki. Duk mai aikin ƙarfe ya san wannan ciwon.

Kuma ƙarfen wancan zamanin ba irin namu na yanzu ba ne, bugagge ne, in ka duba inda ya ci za ka ga yana da zare-zare kamar itace, yana ɓarewa ne falle-falle. Ba abin da za ka kawo injin walda ka yi ta liƙa masa faci ba ne, in ma ka yi hakan to kana cire na asalin kana sa naka, a hankali sai a wayi gari jirgin Brunel ya tafi saura naka.

Abin da ya faru ke nan a Bristol. Bayan an dawo da shi ya yi shekaru a ramin nan a buɗe ruwan sama na sauka, garin kuma ga danshi, sai a ƙarshen shekarun 1990 aka yi bincike aka ga ƙarfen yana ci gaba da mutuwa, in ba a yi wani abu ba ba zai daɗe ba. Masana suka ce tsatsa abu uku take buƙata, ƙarfe da iska da laima, gishirin ba zai fitu ba, iska ba za a hana ta ba, to sai a hana shi laima. In danshin iska ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100 tsatsar kusan tsayawa take yi cak. Gilashin nan rufi ne, ya mai da ƙasan ramin ɗaki rufaffe, injin kuma yana zuƙe iskar yana cire mata ruwa yana dawo da ita a bushe, akwai wani a cikin jirgin ma yana yin haka ta ciki. A 2005 aka gama wannan aikin. Ruwan da ke saman gilashin ba ado kawai ba ne, yana taimakawa wajen rage zafi da sanyin da ke ratsawa. Ni dai a matsayina na mai sana'a wannan dabarar ta burge ni fiye da komai, don sun haƙura da son ya yi ƙyalli, sun bar shi da raunukansa sun tsayar da ciwon kawai. Sai dai aikin ba ya ƙarewa, injin nan dare da rana yake ci da wuta, ranar da aka daina biya tsatsa za ta ɗora daga inda ta tsaya.

Mai_Nazari:

Sannunku duka. Na ji daɗin bayanan amma akwai abin da ban ga an taɓo ba kuma ina ganin yaron ya cancanci ya ji shi. Jirgin nan ba fasinja da alkama kaɗai ya ɗauka ba. Lokacin yaƙin Crimea ya yi jigilar dubban sojoji, kuma a 1857 da mutanen Indiya suka tashi suka yi wa mulkin Turawan Ingila bore, shi ne ya kwashi sojojin doki ya kai su Bombay (Mumbai ta yanzu) don a murƙushe masu boren. Su kuma dubban mutanen da ya kai Ostareliya, e da yawansu talakawa ne masu neman abin rufin asiri, ban ƙi ba, amma ƙasar da suka je suka zauna ai tana da masu ita tun dubban shekaru, kuma kowa ya san abin da ya samu asalin mutanen wurin, an ƙwace musu filaye an kore su. Jirgi mai sauri mai ɗaukar mutum ɗari shida a sawu ɗaya yana cikin kayan aikin da suka sa hakan ya yiwu. Ba cewa nake a bar shi ya ruɓe ba, a'a, ni ma ina son a adana shi. Amma in za a ba yaro labarin gwanintar Brunel to a haɗa masa da wannan, kada ya tashi da rabin labari.

Tsohon_Malami:

'Yata kin yi gaskiya, kuma laifina ne da na tsallake, gajiyar yatsa ce ta sa na yi ta sauri. Duk abin da kika faɗa haka yake. Ni a wurina ma wannan ƙarin dalili ne na ajiye shi, don in kana gaya wa ɗalibi an kwashi sojoji da dawakai daga Ingila zuwa Indiya yakan ji shi kamar tatsuniya, amma in ga cikin jirgin nan ga inda suka kwanta, maganar takan zauna masa daban. Na koyar shekaru masu yawa da allo da alli kawai, na san bambancin.

Wani abu kuma da nake so a tuna, mutanen Falkland. Jirgin ya yi shekara 84 a wurinsu, ya fi duk shekarun da ya yi yana tafiya a teku, kakanni da jikoki sun tashi suna ganinsa a bakin ruwansu, kuma su ne suka ba da katifun da aka toshe shi da su aka tafi da shi. Har lokacin yaƙin duniya na biyu an yanki ƙarfe daga jikinsa an yi wa jirgin yaƙin Exeter gyara a can bayan ya sha wuta a 1939.

Ɗalibi_a_Turai:

Haka ne Baba. Kuma ba duka aka kwashe musu ba, ɗaya daga cikin dogayen sandunan jirgin tana nan a Stanley har yanzu, an kwantar da ita a wani fili a bakin ruwa ana zuwa gani.

Maman_Yara:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Baba Malam Allah ya ƙara girma. Na karanta masa har da na 'yar'uwa Mai_Nazari, ya yi shiru sannan ya tambaye ni su wane ne asalin mutanen Ostareliya, na ce gobe in sha Allah za mu zauna a kan wannan. Yanzu haka ya ɗauko ƙusa biyu, ɗaya ya jiƙa ta da ruwan gishiri ɗaya da ruwan famfo, ya ajiye su a kan taga wai zai ga wadda za ta riga yin tsatsa. Malam Mai_Walda kwana nawa kake ganin zai jira kafin ya fara ganin bambanci?